Ƙafar Babanku da Tseren Faƙon Tsamiya

'Ya'yana da jikokina, ban yi niyyar taɓa wannan magana ba, don shi mai ita bai so a riƙa tayar da ita, Allah Ya jiƙansa. Amma kwanan baya, a wajen wani suna da aka yi a Zagga, ina zaune a bayan ɗaki na ji wata mata da ba ta san ni ba tana gaya wa ta kusa da ita cewa ai wancan saurayin jikan Na-Kaoje ne, direban nan da ya karye garin mugunta. Na dai ƙarasa goron da ke bakina ina mamaki, waɗanda suka fara wannan magana duk sun kwanta dama, ita kuwa tana nan da ƙafarta har tana zuwa suna. Shi ya sa na ga ya kamata ku ji yadda abin ya faru daga bakina, domin ina wurin, da idona na gani, babbar yayarku tana goye a bayana.

Ku kun buɗe ido ne kun tarar da babanku yana ɗingishi, ƙafar dama ta fi ta hagu gajarta, yana noman shinkafa a fadamar Kaoje. Ba ku san shi a bayan sitiyari ba. Sunansa na yanka ban taɓa kama shi da bakina ba, ba kuwa zan fara da tsufa ba. A tasha Na-Kaoje ake kiransa, don a Kaoje aka yanke masa cibi. Iyayensa masunta ne, shi kaɗai ya bar jirgin ruwa ya bi mota. Lokacin da aka kai ni gidansa a Bagudo, yana tuƙa akori-kurar wani attajiri da ake kira Alhaji Tukur, mai fataucin goro da gishiri da busasshen kifi. Mu uku ne a gidan: ni, da shi, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, mace mai baki da zafin nema, wadda masarta ta yi suna har Matsinkai.

Hanya a wancan zamani turbar jakai ce da aka ɗan faɗaɗa. Daga Bagudo yakan nufi Tsamiya, ya haye iyaka zuwa kasuwannin Dahome, wadda yanzu kuke ce wa Benin. Mu dai Faranshi muke kiran wancan ɓangare, su kuma su kira namu Ingilishi, alhali kuwa duk dangi ne, kasuwa ɗaya ake ci, ana auren juna. Mutane suna rububin motarsa saboda ba ya jijjiga mai ciki, ba ya zubar wa mai nono da nononta. Matan Fulani kan zauna a bakin hanya da ƙorensu, wata mota ta zo ta wuce ba su motsa ba, sai sun hango tasa. Amma kada ku ɗauka sanyin jiki ne da shi. Yana son gudu ƙwarai, ɓoye son yake yi saboda ran mutane da ke bayansa. Sau ɗaya, ina amarya, ya ɗauke ni za mu gaida danginsa, motar ba kowa sai mu. Da muka samu fili ya taka ta, itatuwa suka riƙa zubewa baya kamar ana sare su. Ni ina salati ina riƙe ɗankwali, shi kuwa fuskarsa a sake, kamar mai shan fura a inuwa.

Shekarar da aka ba da mulkin kai, mutanen Faranshi sun riga mu karɓar nasu tun da damina, namu bai zo ba sai da kaka ta kunno kai. To daga nan tsiya ta tashi tsakanin direbobi. In namu suka sauka a kasuwarsu, sai a ce musu ga 'yan Ingilishi nan, ko wajen 'yanci sai da aka tsere musu. Namu su ce ai mai gaggawa shi ke manta hularsa. Abu kamar wasa, har ya kai kunnen masu motocin, attajirai kuwa ba su iya wasa ba. Sai wani bakanike da ya yi zama a Kwatano, can cikin Dahome, ya ce shi ya taɓa ganin Turawa suna tseren motoci a fili, ba tafiya suke yi daga gari zuwa gari ba, wuri ɗaya suke ta zagayawa a gaban jama'a har a ga wanda ya fi. Ya ce ba sai da wata mota ta musamman ba, waɗannan da ake dakon kaya da su sun isa, a dai cire tamfol da bencina. Magana ta zauna. Aka ce bayan an gama yankan shinkafa za a yi, a matsayin murnar 'yancin ƙasashen biyu, wanda ya ci kuma yana da bijimi da babbar riga.

Akwai wani faƙo gaba da Tsamiya, dab da iyaka, fili mai tauri kamar daɓen ɗaki, ko ciyawa ba ta tsira a kansa. Aka yi gayya, samari suka share tsakuwa, suka jera duwatsu aka shafa musu farar ƙasa, aka fid da hanya mai siffar ƙwai, gefe biyu miƙaƙƙu masu tsawo, sai kwana a kowane ƙarshe. Alhaji Tukur ya kira babanku ya ce shi zai riƙe mutuncin Bagudo. Ranar da ya zo da labarin, da la'asar ne, Inna tana tsince shinkafar masa a tsakar gida. Ita Auta take kiransa, don shi ne ƙaraminta.

"Auta, mi kaka nema cikin wanga hauka?" in ji ta. "Mota an yi ta don ta kai mutum wani wuri. Ku ko kun ce za ku yi ta zagaye wuri guda kamar akuyar da anka ɗaure a turke."

"Inna, maigidana ya ce in yi."

"Maigidanka in ya ce ka faɗa kogin Kwara sai ka faɗa? Dube ni nan. Ba don shi ba ne, kai ma kana so."

Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ina so, Inna. Tun da na kama sitiyari ban taɓa sanin iyakar abin da hannuna ya iya ba. Kullum akwai mai ciki a baya, ko tsoho, ko tulun wani. Rana ɗaya dai in gani."

Inna ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "To Allah Ya kai ka lahiya Ya maido ka. Amma ka sani zan tahi da tandata. In dai mutane za su taru su kalli hauka, yunwa za ta kama su." Sai ta juyo gare ni ta ce, "Ke ma ɗiyata shirya, ke za ki riƙa miƙa masu masa."

Ni ba a tambaye ni ba ma. Amma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Ina so in ga mijina a gaban duniya.

Ranar tseren, tun da hantsi faƙon ya cika. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, ko a kasuwar jajibirin Salla. Mutane sun zo daga Kaoje da Zagga da ƙauyukan bakin ruwa, Dandawa, mutanen Dandi, sun hayo daga wancan ɓangare da kalangunsu, Fulani sun bar shanu da yara sun zo da sandunansu a kafaɗa. Manya da attajirai aka yi musu rumfar zana a tsakiyar ɗaya daga miƙaƙƙun gefen, sauran maza suka jeru hagu da damarsu. Mu mata masu abinci aka tura mu can ƙarshen fili, a bayan kwana, inda akwai inuwar wasu itatuwan ɗorawa. Wuri ne mai daɗin zama, kuma motocin suna tahowa ne kai tsaye su fuskance mu kafin su karkata, saboda haka mun fi kowa ganinsu. Babu wanda ya san cewa a duk filin nan babu wurin da ya kai namu hatsari. Wa ya taɓa ganin irin wannan abu balle ya sani? Muka kafa murahu, Inna ta ɗora tanda, masu fura suka jera ƙorai, yara suna ta wasa a gabanmu har bakin fararen duwatsun.

Motocin ba su kai goma ba. Yawancinsu akori-kura ne, sai wata tsohuwar motar katako da mai ita ya nace sai an sa ta, jama'a suna ta yi mata dariya. A cikin na Faranshi akwai wata shuɗiya, sabuwa-sabuwa, direbanta wani mutumin Dandi mai suna Mamudu, dogo, mai fara'a, wanda ake cewa ba a taɓa wuce shi a hanya ba. Sun san juna da babanku a tasha, amma ba su shaƙu ba. Na hango su sun yi musafaha kafin kowa ya shiga motarsa. Aka sa wani dattijo da ƙwarya a gabansa, duk zagayen da aka yi ya jefa tsakuwa ɗaya. Aka harba bindigar toka.

Ƙarar da ta tashi har cikin haƙorana na ji ta. Yayarku ta farka ta fasa kuka, ni kuwa ko jijjiga ta ban iya yi ba. Motocin suka taho mana a dunƙule, kamar garken shanun da ya ji ƙanshin ruwa, sannan suka kwanta ta hannun dama ɗaya bayan ɗaya suka wuce, iska ta kwashe mana faifai. Ba a jima ba aka fara zubewa. Wata ta tsaya tana fitar da tururi kamar tukunya, wata tayarta ta fashe ta koma gefe tana tangaɗi, direban wata kuma tsoro ya kama shi ya rage gudu, mutanen garinsu suna yi masa ihu. Motar katako tana can baya tana tafiyarta a hankali, duk sanda ta iso gabanmu mata su yi mata guɗa don tsokana. Kafin a yi nisa kowa ya gane tseren na mutum biyu ne, Mamudu da babanku.

Allah Ya yi wa mutumin nan baiwa, ina nufin babanku. Shuɗiyar motar ta fi tasa ƙarfi, in suka hau miƙaƙƙiyar hanya sai ta riƙa cinye tazarar da ke tsakaninsu, har ta kai hancinta daidai ƙofarsa. Amma da sun iso kwana sai ka ga abin mamaki. Sauran direbobi da sun zo nan sai su taka birki da ƙarfi, motar ta yi ta wutsil-wutsil. Shi kuwa daga can waje zai buɗe, ya sauko a hankali har tayarsa ta kusa shafar fararen duwatsun ciki, sannan ya fita kamar shirwa ta ɗauki ɗan tsako, bai rage gudu ba sai kaɗan. Duk abin da Mamudu ya samu a miƙe, a kwana ake ƙwace shi. Haka suka yi ta yi, wannan ya matso, wancan ya zille. Inna da farko ta rufe fuska da gyale tana ta salati. Can na ga ta leƙo da ido ɗaya. Can kuma sai na ji muryarta ta fi ta kowa, ta bar masa tana ƙonewa a tanda tana ihu, "Auta na Kaoje! Ɗan masunta ya hi ƙarhin tudu!" Ni kunya ta hana ni buɗe baki, amma zuciyata kamar ta tsage don alfahari.

An kusa gamawa, don mun ji masu kalangu sun canza kiɗa. Motocin biyu suka fito daga ɗaya kwanar suka miƙo mana. Wannan karon Mamudu ya shigo ta ciki, ta hannun daman babanku, ya jera da shi. Ku lura da wannan da kyau, don a nan maganar take. Motocinmu a lokacin sitiyarinsu na dama ne, na Faranshi kuma na hagu. Saboda haka da suka jera, tagar wannan tana kallon tagar wancan, da ɗayansu zai miƙa hannu da ya taɓa ɗan'uwansa. Mu da muke gabansu muna ganin fuskokinsu ta gilas. Sun iso wurin da kullum shuɗiyar motar kan dangwale hanci ta rage gudu, sai ba ta rage ba. Na ga Mamudu ya miƙe a kujerarsa yana taka abu da dukan ƙarfinsa, ya sake takawa, bakinsa a buɗe. Ya fito da hannu yana kore mu, kamar mai korar kaji daga shanya. Ya juya ya yi wa babanku ihu. Birkinsa ya tsinke. A irin gudun nan ba zai iya kwanar ba, kai tsaye zai shigo cikinmu, ga murahu, ga mai yana tafasa, ga yara a gaba.

Babu wadda ta samu damar gudu a cikinmu. Shi babanku yana ta waje, hanya a buɗe take gare shi. Da ya ɗan taka birki, da shuɗiyar ta wuce ta gabansa ta faɗa mana, shi kuma ya yi kwanarsa ya tafi ya karɓi bijimi, babu mai ganin laifinsa. Na ga ya dubi Mamudu sau ɗaya. Sai ya murɗe sitiyari dama, ya jingina ƙofarsa, ita wadda yake zaune a jikinta, da shuɗiyar motar, ya ƙara wuta. Ƙarfe ya kama ƙarfe da wata irin ƙara da har yau nakan ji ta in ana wasa wuƙa. Ya riƙa tura ta ciki, yana tura ta, motocin biyu a manne suna karkata, suka shuɗe ta gabanmu har tsakuwar tayarsa ta zubo cikin ƙullun Inna. Suka tsallake fararen duwatsun ciki suka shiga tsakiyar fili. Akwai wani suri a wurin da ba a damu da fasa shi ba, tun da ba kan hanya yake ba. Shuɗiyar ta doke shi ta tsaya. Ta babanku ta hau kanta ta wuntsila, ta kwanta a kan gefen dama.

Ban san yadda na isa wurin ba. Na dai tuna Inna ta riga ni, tsohuwa da ita. Maza suka taru suka ɗaga motar aka jawo shi, idonsa biyu, cinyarsa ta dama ta lanƙwashe inda ba gaɓa. Bai yi ihu ba. Abin da ya fara cewa shi ne a duba Mamudu. Mamudu kuwa kansa ya bugu, jini ya rufe masa fuska, ba ya ko motsi. Mutanensa suka ɗauke shi suka haye iyaka da shi a take. Wai ashe duk wannan abu motar katako tana can tana zagayenta, sauran duk sun tsaya, ita ce ta ƙarasa, mai ita ya ja bijimi ya tafi gida.

Tun ba mu bar faƙon ba na fara jin maganar. Daga rumfar manya, can nesa a gefe, ba a ganin fuskar kowa, ba a ganin hannun da ke kore mu. Abin da suka gani shi ne ɗan Faranshi ya zo zai wuce, ɗan Ingilishi ya kai masa karo. Dandawa suka fusata har aka fara zare sanduna, da ƙyar dattawa suka raba. Namu kuma kunya ta kama su, mai jin kunya kuwa neman wanda zai ɗora wa yake yi. Mai shuɗiyar motar ya sa aka janye ta da wuri, bai ce wa kowa komai game da birki ba.

Asibiti yana nesa, sai an haye Kwara, ga shi ba ya jure ko girgizar amalanke. Maɗori aka kira, ya ja ƙafar ya ɗaure ta da karare. Yana kwance a kan wannan ɗori dattawan gari suka zo tare da Alhaji Tukur, suka tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Ina bayan zana ina ji.

"Na-Kaoje," in ji babbansu, "mun zo mu ji daga bakinka. Mi ya sa ka buge shi?"

"Birkinsa ya tsinke, Baba. Da na bar shi, cikin mata za ya shiga."

"Kai ka ga birkin nasa?"

"Fuskarsa na gani."

Alhaji Tukur ya yi tsaki. Ya ce, "Fuska! Motata ta tahi, abokan cinikina na Faranshi ba su ko amsa sallamata, kai kana gaya mini fuska."

Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu ta ce mu duka matan da ke wurin mun gani, a tambayi masu fura, a tambayi matan Fulanin da ke kusa da mu. Aka ce da ita ta yi haƙuri, uwa ba ta shaidar ɗanta, mata kuma a firgice suke, ba su san abin da suka gani ba. Babanku ya juya fuska ga bango. Daga wannan rana bai sake kare kansa a gaban kowa ba. In na matsa masa sai ya ce ya faɗa sau ɗaya, wanda bai ji ta farko ba, ta biyu ma ba zai ji ba.

Rani ya wuce yana kwance, damina ta shigo ya fara dogara sanda. Ƙafar ta haɗe amma ta haɗe a gajarce, gwiwar kuma ta sandare, ba ta iya tashi daga totur zuwa birki da sauri. Shi da kansa ya gwada, a motar wani abokinsa da ke tsaye, ya sauko ya ce ba zai ɗauki ran mutane da wannan ƙafa ba. Masar Inna da ɗan surfen da nake yi su suka riƙe gidan. Da ruwa ya ja baya muka fara shirin komawa Kaoje, inda yake da gonar gado.

Muna cikin ɗaure kaya, ranar kasuwa, sai ga wata maƙwabciyarmu ta shigo da gudu ta ce mu zo mu ji, wani dogon baƙo mai tabo a goshi ya hau kan buhunan gishiri a tasha yana magana. Mamudu ne. Ashe ya daɗe a asibiti can cikin ƙasarsu, da ya fito kuma ruwa ya yanke hanya, bai san abin da ake faɗa a Bagudo ba sai da wani direba ya yi masa jaje yana zagin babanku. Waɗanda suka ji shi sun ce da Hausarsa mai karkata ya rantse da Allah cewa birkinsa ne ya tsinke, kuma da ba don Na-Kaoje ba, da yanzu shi ne ya kashe mata da yaran da ba ya iya ƙirgawa. Ya faɗa da Hausa, ya faɗa da Dandanci, sannan ya sauko ya ce a nuna masa gidan.

Ya yi sallama, ya tarar da babanku a zaure, ƙafar a miƙe a kan tabarma. Ya durƙusa ya dube ta, hawaye yana bin kuncinsa. Ni na kawo ruwa na tsaya daga baya. Babanku ya ga abin zai yi nauyi, sai ya ce,

"Malam Mamudu, tashi zauna. Ni abu ɗaya ke damuna. Da birkinka bai tsinke ba, ka san ni zan ci."

Mamudu ya share ido da hannun riga ya ce, "A'a, wallahi. Na riga na shigo ta ciki. Ni ne."

"A kwana? Kai da kwana ba ku taɓa shiri ba."

Suka yi ta musu har Inna ta aiko musu da masa. Wannan musu ba su gama shi ba har Mamudu ya rasu, don duk shekara bayan yankan shinkafa sai ya hayo ya zo Kaoje. Ku manyan kuna tuna shi, shi ne Kawu Dogo mai kawo muku alewa.

Kada ku ce daga nan komai ya gyaru. Waɗanda ke tasha a ranar sun ji, wasu ma sun zo sun ba da haƙuri, Alhaji Tukur ya aiko da turmin atamfa amma bai zo da kansa ba. Sai dai taron da ya ga karon ya ninka wanda ya ji Mamudu, kowa kuma ya riga ya kai nasa labarin ƙauyensu. Mu dai muka koma Kaoje. Mutumin da ya saba da hanya ya koma tsoma gurguwar ƙafa a laka, shekarar da ruwa ya yi yawa ya cinye shinkafar, shekarar da ya yi kaɗan tsuntsaye su cinye. Mun sha wuya, ku manyan kun san wani abu daga ciki. Wani lokaci in mota ta wuce ta kan tudu, sai in ga ya dakata da lauje a hannu yana saurare har ƙararta ta ɓace, sannan ya sunkuya ya ci gaba. Ban taɓa jin ya ce da na sani ba.

Ni kuwa shekara da shekaru ina riƙe da wani abu a raina, ina jin daɗinsa ni kaɗai. Na ɗauka don ni ya yi, ni da 'yarsa da mahaifiyarsa. Ban tambaye shi ba sai da muka tsufa. Wata rana da hantsi muna zaune a bakin gona muna korar tsuntsaye, duk kun yi aure kun watse, sai na ce,

"Malam, ran nan a faƙon Tsamiya, ka hango mu ne?"

Ya dubi ruwa. Ya ce, "Kulu, in gaya miki gaskiya?"

Na ce gaskiya nake so.

"Ban gan ki ba. Na ma ɗauka kuna ɗaya kwanar. Mata dai na gani da goyo, da yara a gaba." Ya ɗan yi dariya ya ƙara da cewa, "Gara da ban sani ba. Da na san kina ciki, da hannuna ya yi rawa."

Na ji haushi, ba zan ce ban ji ba, har na tashi na koma ɗaya kunyar na bar shi. Ina can ina kaɗa gwangwani ina ƙunƙuni, sai abin ya sauko mini. Ashe ƙafarsa da sana'arsa ya bayar saboda matan da bai san ko na wane ne ba. Na dawo na zauna kusa da shi, na buɗe ƙwaryar fura na miƙa masa ludayi.